Tambaya da Amsa: Yadda Ɗalibi Zai Gwada Aikin Hannu a Gaban Aji

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a watan nan daga ɗaliban Jos da kewaye suka fito, kuma kusan duk a kan abu guda suke, wato jawabin da malami ke sa ɗalibi ya fito gaban aji ya gwada yadda ake yin wani abu, yana aikatawa yana bayani. Mun zaɓi uku daga ciki, waɗanda muke ganin amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata babbar makaranta a nan Jos. Malaminmu ya ce kowa zai fito ya gwada yadda ake yin wani aikin hannu cikin minti bakwai, kuma makin zai shiga sakamakon ƙarshen zango. Na zaɓi yadda ake yin awara, domin sana'ar mahaifiyata ce, tun ina ƙarama nake taya ta. Da na gwada a gida, ko tata ban gama ba lokaci ya cika. Ban da haka, duk sa'ad da hannuna ya kama aiki sai bakina ya yi shiru, in kuma na fara magana sai aikin ya tsaya. Shin in sauya batu ne, ko akwai wata dabara? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki sauya batu. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a irin wannan jawabi shi ne su ɗauko abin da ba su taɓa yi da hannunsu ba, su kalli bidiyonsa a intanet daren ranar, sa'an nan su zo gaban mutane suna lalube. Ke kuwa kin riga su da abin da ba a samunsa a dare ɗaya, domin hannunki ya san aikin, kuma idan wani ya jefo miki tambaya za ki amsa daga abin da kika gani da idonki. Abin da ya rage miki shi ne tsari, shi kuwa ana koyonsa cikin 'yan kwanaki.

Kafin komai, ki fahimci abin da ake auna ki da shi. Ba a fito da ke domin a tabbatar kin iya awara ba. An fito da ke ne domin a ga ko wanda ke zaune a kujerar ƙarshe, wanda bai taɓa jiƙa waken suya ba, zai iya komawa gida ya gwada bayan ya saurare ki. Duk abin da za ki saka a cikin jawabin, da duk abin da za ki cire, ki ɗora shi a kan wannan ma'auni. Wannan hanyar koyarwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa Sayyidina Usman ɗan Affan ya sa aka kawo masa ruwa, ya yi alwala a gaban mutane gaɓa bayan gaɓa, sa'an nan ya shaida musu cewa haka ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yi. Da ya so, da ya faɗa musu da baki kawai, amma gani ya kori ji.

Yanzu batun lokaci. Awara aikin wuni ce: jiƙon waken kaɗai yana cin sa'o'i, ga kai niƙa, ga tata, ga tafasa madarar, ga zuba ruwan tsami, ga dannewa har ruwan ya tsane, sa'an nan yanka da suya. Babu mai iya cusa wannan cikin minti bakwai, kuma malaminki ma bai sa ran haka ba. Dabarar ita ce wadda masu shirin girke-girke na talabijin ke yi, wato a zo da kowane mataki an riga an kammala shi, a aikata guda ɗaya ko biyu kacal a gaban mutane. Ki zo da jiƙaƙƙen wake a ƙaramin kwano, da ɗan ƙullun da aka niƙo, da madarar da kika tace kika tafasa a gida a cikin filas, da ruwan tsaminki a kwalba, da ƙyallen tata, da dunƙulen awara guda da ya riga ya sha danni, da 'yan soyayyu a rufaffen mazubi. Waken da ƙullun ɗagawa kawai za ki yi ki nuna, ki faɗi abin da aka yi musu cikin jimla biyu ko uku. Abin da za ki aikata a gaban aji shi ne zuba ruwan tsami a cikin madara mai zafi da juye ta cikin ƙyalle, domin nan ne zuciyar aikin take, nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, kuma nan ne abin kallo yake.

A wannan mataki akwai abu biyu da nake so ki kiyaye. Na farko, madarar ba ta haɗewa yadda ya kamata sai da zafi sosai, kuma kin san garinmu: Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, idan hunturu ya kama a Disamba da Janairu kuwa, abin da aka zuba a kwano da safe ba ya jimawa yake hucewa. Saboda haka ki ɗauraye filas ɗin da tafasasshen ruwa kafin ki zuba madarar, kuma kada ki buɗe shi sai lokacin da za ki yi aiki da ita. Kada ki yi tunanin shigo da risho ko tukunyar gas cikin aji mai cike da mutane da takardu. Ko da malami ya yi shiru, hatsarin ya fi ribar. Na biyu, ki nemi kwanon gilashi mai jure zafi, wanda ake hango abin da ke ciki ta gefe. Idan kika zuba a kwanon silba, ke kaɗai da 'yan layin gaba za ku ga madarar ta tsinke, farin ya dunƙule, ruwa mai ɗan rawaya ya ware gefe, sauran ajin kuwa sai dai su ji labari.

Matsalarki ta biyu, wato baki da hannu su ƙi tafiya tare, kusan kowa na fama da ita, kuma dalilinta a fili yake. A gida kina aikin ne ba tare da tunani ba, hannu na tafiya da kansa, shi ya sa da kika nemi ki mayar da shi kalmomi sai ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta bi. Maganin shi ne ki daina ƙoƙarin yin su a lokaci guda a matakan da ke bukatar ido. Ki fara faɗa, idonki na kan mutane: "Yanzu zan zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, ku lura da gefen kwanon." Sa'an nan ki sunkuya ki zuba, ko da kin yi shiru na sakan biyar babu laifi, domin idanunsu na kan kwanon. Daga nan ki ɗago ki gaya musu abin da suka gani da dalilinsa. Faɗa, aikata, bayyana; idan kika bi wannan a kowane mataki, za ki ga shirun da ke ba ki tsoro ya zama wani ɓangare na darasin.

Shirun da ke da illa shi ne na jira, kamar minti ɗayan da madarar ke ɗauka kafin ta gama haɗewa. Wannan gurbi ki tanadar masa magana tun daga gida, kuma ki zuba masa mafi daɗin abin da kika sani. Ki gaya musu cewa tsamin ne ke sa sinadarin furotin da ke cikin madarar waken ya dunƙule ya rabu da ruwa. Ki gaya musu cewa wasu da ruwan tsamin kamu suke yi, wasu da lemun tsami. Ki gaya musu abin da ke faruwa idan tsamin ya yi yawa, da yadda juyawa da ƙarfi ke wargaza dunƙulen, da irin alamar da mahaifiyarki ke dubawa ta san ya isa. Irin wannan ilimi ba ya cikin littafi, kuma shi ne zai bambanta ki da wanda ya haddace daga waya.

Sai dai akwai tarkon da ƙwararru irin mahaifiyarki ke jefa masu koyo a ciki ba da saninsu ba, shi ne awo da ido. "Ki zuba daidai misali" magana ce da ke da amfani tsakanin uwa da 'yarta a gindin murhu, amma ba ta koya wa baƙo komai. Kafin ranar, ki zauna da Mama ki auna abin da take yi da kofi da cokali, ki rubuta: wake kofi nawa, ruwa kofi nawa, tsami cokali nawa. A awara, kuskuren awo asarar wake kawai zai jawo, amma ki duba ɗalibin kiwon lafiya da zai gwada haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, da ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Idan ya ce "ɗan gishiri kaɗan" wani ya je gida ya cika hannu, yaron da ake son ceto shi za a cutar. Ki saba wa bakinki da faɗin adadi tun yanzu.

Game da rabon mintunan, shawarata ita ce ki ba buɗewa abin da bai kai minti ɗaya ba, nuna kayan aiki minti ɗaya, aikin kansa minti huɗu, ragowar kuma ki maimaita matakan a taƙaice ki ɗaga soyayyar awarar kowa ya gani. Ki shirya jawabin ya ƙare a minti shida da rabi, domin a gaban mutane murfin kwalba kan ƙi buɗuwa, cokali kan faɗi. A buɗewar, ki gaida malami da 'yan aji cikin jimla ɗaya, ki wuce kai tsaye ga abin da za su iya yi bayan kin gama. Dogayen gaisuwa da neman afuwa, irin su "ku yi haƙuri ban shirya sosai ba", suna cinye lokaci, kuma suna sa mai ba da maki ya fara neman kuskuren da wataƙila da bai lura da shi ba.

Ki jera kayanki a tebur bisa tsarin da za ki ɗauke su, abin da kika gama da shi ki kawar gefe ko ƙarƙashin tebur. Duk abin da za ki nuna ki ɗaga shi daidai ƙirji, ki juya shi dama da hagu, ki ba shi sakan uku kafin ki ajiye. Soyayyar awarar kuwa ki bar ta a rufe sai kin gama magana. Ranar da kika miƙa wa layin gaba faranti a tsakiyar jawabi, kin yi sallama da hankalin ajin gaba ɗaya.

Kada ki rubuta jawabin kalma bayan kalma ki haddace. Hannunki zai jiƙe, takarda za ta ɓaci, kuma mai hadda idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai duk ginin ya rushe. Ki rubuta matakan da awon da manyan haruffa a kan kwali guda, ki jingine shi a tebur inda idonki zai kai. Sa'an nan ki yi atisaye a tsaye, da ainihin kayan, da murya a sama, agogo na tafiya. A ƙarshe ki zaunar da ƙaninki ko ƙawar da ba ta san aikin ba a can nesa da ke, ki gama, ki ce ta maimaita miki matakan. Duk inda ta yi tuntuɓe, a nan bayaninki yake da giɓi, ko da ke kina ganin kin faɗa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina karatun aikin malanta, kuma kafin a tura mu koyarwar gwaji dole kowa ya gabatar da ɗan gajeren darasi a gaban 'yan ajinmu. Zan gwada yadda ake dasa dankalin Turawa a buhu. Na san abin sarai, amma da na miƙe sai zuciyata ta riƙa bugawa, makogwarona ya bushe, hannuna na rawa, Turancin da na tanada duk ya gudu. Har na fara tunanin ko aikin malanta ba nawa ba ne. Daga wani ɗalibi, Farin Gada, Jos.

AMSA: Ɗana, kada ka yanke wa kanka hukunci a kan abin da jikin kowane lafiyayyen mutum ke yi. Idan mutum ya ji idanu sun yi masa yawa, jiki na sakin sinadarin adirenalin, shi ne ke ƙara bugun zuciya, ya rage yawu, ya sa tsoka rawa. Ba alamar rashin ilimi ba ce, kuma mafi tsananinsa a farkon jawabi yake, daga nan ya fara sauka. Don haka minti ɗayan farko shi za ka fi bai wa shiri. Jimloli biyu ko uku na buɗewa, waɗannan kam ka san su kamar sunanka. Kafin a kira ka, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau da dama. Ka zo da ruwa mai ɗumi ka kurɓa, musamman a lokacin ƙura da sanyi. Kana da wata sa'a da mai jawabin baka zalla ba shi da ita: hannunka na da abin riƙewa. Buhun ƙasa ba ya nuna rawar hannu kamar yadda fallen takarda ke nunawa, saboda haka ka fara da ɗaga abu mai nauyi, ka bar ƙananan kaya sai jikinka ya natsu.

Shi wannan ɗan gajeren darasi da ake sa ku, ba domin a kunyata ku aka ƙirƙiro shi ba. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka fara shi a 1963, kuma asalin tsarinsa shi ne mai koyon malanta ya koyar na 'yan mintuna, a nuna masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara, ya sake koyarwa. Sakewar ita ce ruhin abin, kuma abin takaici ita ce aka fi yarwa idan ɗalibai sun yi yawa. Kai ka mayar wa kanka da ita. Ka jingine wayarka a taga, ka ɗauki kanka a bidiyo, ka kalla sau ɗaya ba sauti domin ka ga ko kana juya wa mutane baya, ka sake sauraro ba tare da kallo ba domin ka ji ko kana haɗiye ƙarshen jimla. Ka zaɓi aibi guda ka gyara, ka sake ɗauka. Kallon farko ba daɗi, amma babu malamin da zai gaya maka gaskiya kamar wayar.

Batun Turanci kuwa, na lura cewa abin da ke guduwa ba nahawu ba ne, sunayen kaya ne da kalmomin aikin hannu, domin a gona da Hausa ko wani harshen gida muka koye su. Ka zauna ka lissafa duk abin da za ka taɓa da duk motsin da za ka yi, kamar huda buhu, cakuɗa ƙasa da taki, binne iri tsironsa na kallon sama, ƙara ƙasa yayin da shukar ke girma, ka nemo Turancin kowanne, ka riƙa faɗinsa kana aikatawa. Ka yi amfani da gajerun jimloli. Idan kalma ta ɓace maka a tsakiyar magana, ka ɗaga abin ka nuna, ka ci gaba. A ajin Jos za ka tarar da ɗan Bokkos ko Mangu da ya tashi cikin gonar dankali, kuma yana iya jefo maka tambayar da ta fi ƙarfinka. Ka ce masa ba ka da tabbaci, ka nemi ya faɗi yadda suke yi a wajensu. Malamin kirki ba zai rage maka maki a kan haka ba. Ka daina kallon wanda ke murmushin mugunta a baya, ka nemi fuskoki uku masu sauraro, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ka riƙa kai musu magana bi da bi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni malama ce a wata sakandare. Ina son ɗalibaina su riƙa irin wannan jawabi, amma sun haura saba'in a aji, darasi kuma minti arba'in ne. Ta yaya zan yi kowa ya samu, kuma a kan me zan ba da maki? Daga wata malama, Bukuru.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki nemi gama su a mako ɗaya. Ki ware minti goma na ƙarshen darasi, ɗalibi biyu su fito, kowanne minti huɗu, a haka zango zai ɗauke su, ko kuma ki haɗa su bibbiyu, ɗaya na aiki ɗaya na bayani, a tsakiya su yi musanya. Ki bar su su zaɓi abin da suke yi a gida ko a shago, kamar ɗinke maɓalli, facin tayar keke, naɗa rawani ko ɗaura ɗankwali, wanke hannu da sabulu yadda ma'aikatan lafiya ke koyarwa, amma ki amince da batun tukuna, ki hana duk abin da ya haɗa da wuta, wuƙa mai kaifi ko wayar lantarki. Ke ki fara gwada guda a gabansu. Akwai tsari mai mataki huɗu da wani likitan fiɗa mai suna Rodney Peyton ya bayyana a 1998 domin koyar da aikin hannu a asibiti, wanda ya dace da aji: malami ya yi aikin ba magana, ya sake yi yana bayani, ya sake yi ɗalibi na gaya masa abin da zai yi, sa'an nan ɗalibin ya yi da kansa yana bayani.

Wajen maki, ki rubuta abin da za ki duba a allo tun kafin ranar, domin yaro ya san inda zai sa ƙarfinsa. Kaso mafi tsoka ki ba jerin matakai da bayyanar awo, sa'an nan ko na baya sun gani kuma sun ji, sa'an nan kiyaye lokaci. Kyawun Turanci ki ba shi kaso kaɗan, in ba haka ba 'ya'yan da suka yi firamare mai tsada za su kwashe makin, yaron da ya fi kowa iya aikin ya koma kujera ya ƙudurta ba zai sake fitowa ba. Bayan kowane jawabi, ki tashi ɗalibi guda daga layin baya ya maimaita matakan, ki sa abin da ya iya kawowa cikin lissafin makin mai jawabin.